Baba Tsaya-Nan da Ɓarayin Taya

Wata biyu ke nan da rasuwar mai facin taya na bakin layinmu, wanda yara da manya suka sani da Baba Tsaya-Nan. Har yanzu in mota ta tsaya da taya a kwance, direba ya leƙo ya ce ina tsohon nan mai faɗa, ba a samun wanda zai amsa masa da wuri. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da hannaye baƙaƙe waɗanda sabulu ya daɗe da sallamawa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi koyon faci, bai kuma ajiye ƙarfen ɓare taya ba sai da ciwo ya ƙwace masa shi. Rumfarsa ta kwano ce. A ciki akwai injin iska da sai ya yi tari sau uku kafin ya tashi, da rabin duro cike da ruwa inda yake tsoma tiyub yana neman kumfa, da gwangwanin gam, da guntun alli a bayan kunnensa na zagaye huda. Aikinsa ba ya dawowa. In ya liƙa faci, taya za ta mutu ta bar facin da ransa.

A gefen rumfar, jikin turken lantarki, akwai tarin tsofaffin tayoyi da suka gama cin zamaninsu, na mota da na babur da na keke. Ba ya zubarwa, ba ya kyauta. In an tambaye shi amfaninsu sai ya ce, "Akwai ranarsu."

Wannan tarin ne ya jawo masa suna. Kullum da yamma, da an tashi daga makaranta, sai wani yaro ya sulalo ta bayan turke, ya zare taya ɗaya, ya gara ta cikin layi, sauran suna binsa da ihu. Baba ya zabura da sifana a hannu yana cewa, "Kai, tsaya nan!" Ba wanda ya taɓa tsayawa. Sai ya bi su har famfon unguwa, wajen taku ɗari biyu, ya dafa gwiwa yana haki, ya dawo yana ƙunƙuni. Kafin rana ta faɗi sai a ga tayar ta koma wurinta. Shi a ganinsa tsoronsa ne ke dawo da ita.

"Sun san ni," yakan ce wa abokinsa mai aski, wanda shagonsa ke manne da rumfar.

"Sun san ka kam, Injiniya. Shekara talatin kana bin su, mutum nawa ka kama?"

"Ɗaya. Kuma ya ji a jikinsa."

"Me ka yi masa?"

"Na yi masa nasiha. Kai dai ka ji da ƙeyar da ke gabanka, Likitan Ƙeya."

Ra'ayinsa a kan wasa ba ɓoyayye ba ne. Yakan ce shi bai taɓa wasa ba, ga shi kuma bai mutu ba. Yaro ya zauna wuri ɗaya ya yi hankali. Wannan guje-guje me yake ƙarawa, ban da cinye takalmi?

Matarsa ta rasu da wuri, ta bar masa 'ya ɗaya, ya raine ta tsakanin injin iska da duron ruwa. Ta girma, ta yi aure, tana aiki a wani kantin magani. Ita ta haifa masa jika mace, siririya tun ranar haihuwa, har da aka miƙa masa ita ya juya ta hagu da dama ya ce, "Wannan ai tayar keke ce." Sunan ya bi ta. Ba ya iya faɗin yana son mutum, bakinsa bai saba ba. Amma in an kawo Tayar Keke rumfa, sai ya wanke hannu sau biyu kafin ya ɗauke ta, abin da bai taɓa yi wa abinci ba.

Tana shekara shida ta faɗo daga matakalar benen gidansu, ƙafar dama ta karye sama da gwiwa. Aka ɗaure ƙafar da simintin asibiti wata biyu. Ranar da aka cire, ƙafar ta fito a motse kamar ba 'yar'uwar ɗayar ba, yarinya kuma ta ce ko ƙasa ba za ta bari ta taɓa ba. Uwarta, da ita ce ta tsince ta a gindin matakala, ba ta matsa mata. Goya ta take, ta kai ta bayi, ta dawo da ita.

Baba ya raka su wajen likitar ƙashi. Ta duba hoto, ta lanƙwasa gwiwar kaɗan, yarinya ta tsandara ƙara.

"Ƙashi ya haɗe, Baba," in ji likitar.

"To me ya hana ta takawa?"

"Tsoro. Naman ƙafar kuma ya yi wata biyu yana barci. In ba ta fara amfani da ita ba, gwiwar za ta riƙe, ta tashi da ɗingishi. Ku dawo bayan sati shida. In na ga ba ta takawa, dole mu kwantar da ita mu riƙa lanƙwasa ƙafar da kanmu, kuma da zafi."

"Rubuta mana maganin."

"Wasa."

Baba ya dubi 'yarsa, ya dubi likita. "Ranki ya daɗe, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Na koya wa mamanta motsa ƙafa, amma yaro ba ya jure wa abin da ba ya so. Ta shiga cikin yara. Gudu da tsalle da hawa da sauka su ke gina tsoka da ƙashi, su ke koya wa jiki tsayuwa. In tana wasa za ta manta da ƙafar, ƙafar kuma ta tuna aikinta."

Ya zare alli daga bayan kunne, ya buɗe tafin hannu. "Sau nawa a rana? Kafin abinci ko bayan abinci?"

Likitar ta daɗe tana dariya. Shi ko murmushi bai yi ba.

Tunda yarinya ba ta iya zuwa makaranta, uwarta kuma tana da aiki, sai aka riƙa ajiye ta a rumfa da safe, a kan wata kujerar mota da aka ciro daga tsohuwar bas. Baba ya ɗauki maganar wasa yadda yake ɗaukar kowane aiki. Ya rufe rumfa kwana biyu. Ya kwashe tarin tayoyin nan da ko taɓawa ba a yi, ya binne rabinsu a ƙasa a jere, ya roƙi ragowar fenti wajen wani direba ya shafa musu ja da shuɗi, ya rataye ɗaya a reshen bishiya don lilo. Ya samo kwali ya rubuta da alli: WASA, ƘARFE HUƊU ZUWA BIYAR. Ya sa riga mai tsabta. Da aka tashi daga makaranta ya tsaya a tsakiyar layi, ya buɗe hannuwa, ya washe baki.

"Yara, ku zo ku yi wasa."

Ranar sun yi gudun da ba su taɓa yi ba. Har famfo suka wuce.

"Rufe bakin nan," in ji mai aski. "Tun da aka haife su ba su taɓa ganin haƙoranka ba. Ni kaina na tsorata."

Washegari suka turo wakiliya, wata yarinya 'yar shekara tara mai giɓi, wadda ita ce shugabarsu. Ta tsaya nesa, ƙafa ɗaya a shirye.

"Baba, wai an ce ba ka da lafiya."

"Wa ya ce?"

"Kowa. An ce ka yi dariya."

Da ƙyar ya shawo kansu da alewa. Suka zo su goma sha ɗaya, ya jera su bisa tsawo. Kowa ya tsallake tayoyi sau ɗaya, ya yi lilo sau biyar, ya koma bayan layi. Baba na gefe, hannu a baya, yana duba aiki.

"Kai, tsallenka bai cika ba. Sake. Ke kuma ina dariya? Wasa ake yi."

Ƙarfe biyar daidai ya ce an tashi. Suka ce, "Mun gode, Baba," cikin ladabi, suka tafi a hankali kamar masu dawowa daga dubiya. Rana ta biyu mutum huɗu suka zo. Rana ta uku akuya ce kawai ta zo, ta hau jar taya ta kwanta.

Ba wanda ya ƙara satar taya. Ta yaya za a saci abin da mai shi ke roƙo a ɗauka? Layi ya yi tsit. Yara suka koma dandamalin wani shago, suka haɗa kai su bakwai a kan waya ɗaya.

"Kaka, wasanka ba daɗi," in ji Tayar Keke daga kujerarta.

"Ke da ko sauka ba ki yi ba, ina kika sani?"

"Daga nan ma ana gani."

Sai ya juyo kanta. Ya ja layi da alli daga kujera zuwa duron ruwa, ya ce taku goma ne, a fara. Ta ce ba ta yi. Ya lallashe ta, ta ƙi. Ya sha mur, ta fi shi shan mur, don a wajensa ta gada. Ya ɗaga ta ya tsayar, ta naɗe ƙafar kamar zakara a ruwan sama, ta fashe da kuka har wani mai babur da ke jiran iska ya ce a bar yarinya haka nan. Da ta yi barci ya durƙusa ya danna ƙwaurinta da babban yatsa, yadda yake gwada taya. Yatsan ya lume.

Sati uku suka tafi a haka. Ba ta cin abincin kirki, ba ta surutu, sai kallon titi. Wata rana mai aski ya same shi ya tsoma tiyub a duro ya manta da shi, yana kallon ruwa.

"Injiniya, kumfar ta daɗe da fitowa."

"Na sani." Ya zaro tiyub ɗin daga ruwa. "Ni nake gano hudar da ido ba ya gani. Wannan yarinya na rasa ta inda take sacewa. Sati uku suka rage, za su kama ƙafar nan su lanƙwasa tana ihu, ni ina tsaye."

Mai aski ya dafa kafaɗarsa, ya koma shagonsa.

Da yammacin nan 'yarsa ta zo ɗaukar yarinya, ta tarar da ubanta zaune shi kaɗai a kan shuɗiyar taya, kwalinsa na wasa ya karkace a kan turke. Ta dubi kwalin, ta dubi layin da ba yaro ko ɗaya, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta zauna a kan jar taya tana share ido.

"Baba, kai ka kashe wasan."

"Ni da na gina shi?"

"Wasan layin nan ai kai ne. Satar Baba ake ce masa. Tun ina 'yar shekara bakwai ake yi."

"Ke ina kika san wannan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ce shugaba ta biyu."

Mai aski ya bar mutum da rabin kai ya fito ya jingina da ƙofa.

Ta zayyana masa dokokin, waɗanda kowane shugaba ke miƙa wa na bayansa. Daga tarin jikin turke kawai ake ɗauka, ba a taɓa tayar mutane. In Baba yana ƙarƙashin mota ko ya ɗaga ta da jak, ba a sata. Wanda ya kai famfo ba a kama shi ba ya ci. Manya su tare hanya don ƙanana su samu wucewa. Wanda ya sata shi ke mayarwa kafin rana ta faɗi. Shekarar da bayansa ya riƙe, sun dakatar da wasa wata guda, suka riƙa turo mutum ya duba ko ya warke.

"To wanda na kama fa?"

"Ni na ce ya bari ka kama shi. Mun ga kamar ka fara karaya."

Mai aski ya zame ya zauna a ƙasa don dariya. Baba ya miƙe, ya zagaya turke, ya dawo.

"Wato shekara talatin ina ba 'ya'yan mutane horon gudu, ban sani ba."

"Har da ni, Baba. Gudun da na ci a makaranta, da ka ce gadonka na yi, ai a bayanka na koya. Ina nufin a gabanka."

Ya dubi jikarsa da ke barci a kujera, sannan ya dubi 'yarsa. "Ke da kika yi wannan ta'asa, ke ce yanzu kike goya yarinya 'yar shekara shida zuwa bayi?"

Dariyarta ta ɗauke. "Ba kai ka tsince ta a gindin matakala ba."

"Haka ne," ya ce a hankali. "Amma ke sau nawa kika dawo mini da gwiwa a goge, na shafa miki magani, kika ce a makaranta kika faɗi?"

Ta ɗauki 'yarta, suka tafi.

Washegari da sassafe ya tone tayoyin, ya mayar da su jikin turke, fenti da komai. Ya yaga kwali. Ya sa tsohuwar rigarsa mai maiƙo. Da yara suka taso ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Daga yau duk wanda ya taɓa mini taya zai gamu da ni."

"Murya ta yi laushi," in ji mai aski ta taga. "Kamar mai roƙo. Tuna cewa 'yarka ta cikinka ta yi shekara huɗu tana shugabantar ɓarayi a kanka."

Baba ya tuna. Ya sake faɗa, wannan karon har akuya ta tashi. Yara suka dubi juna, fuskarsu ta washe. Mai giɓi ta ce wa na kusa da ita, "Ya warke."

Ya koma ya kishingiɗa a benci, ya rufe fuska da tsumma, ya fara minshari irin wanda ba mai barcin da ke yi. Minti biyar ba a yi ba aka ji taya na gudu.

"Kaka, Kaka, sun ɗauka," in ji Tayar Keke.

Ya zabura, ya bi su har famfo. Da ya dawo ya tarar ta miƙe zaune sosai, idonta na ƙyalli.

"Ba ka iya gudu ba, Kaka."

"Ke kin iya?"

"Da na iya."

Kwana biyu tana yi masa gadi, tana tona musu asiri. Rana ta uku mai giɓi ta zo ta raɗa mata wani abu a kunne. Daga ranar sai gadi ya lalace. Baba na leƙe ta ƙasan tsumma yana ganin jikarsa tana ɗaga yatsa ɗaya in ya motsa, biyu in ya koma minshari. An saye ta. Bai taɓa jin daɗin cin amana irin na ranar ba.

Amma daga kujera ba a hango bayan turke. Ɓarayi suka ce mai ba da alama dole ta matso. Sai ta sauko da ja da gindi. Washegari ta dafa duron ruwa ta miƙe a ƙafa ɗaya. Baba ya gano dabara: kullum sai ya ja bencinsa gaba kaɗan, yadda ba za ta ga fuskarsa ba sai ta ƙara matsawa. Ta yi tsalle da ƙafa ɗaya zuwa injin iska. Ta gaji da tsalle, ta ɗan dangwala yatsun ɗayar a ƙasa, ta waiga ko wani ya gani. Baba ya ƙara ƙarfin minshari, hawaye na bin gefen tsumma.

Cikin sati biyu yarinya ta canza. Abincin da ake roƙonta ta ci, yanzu tana cinye nata ta leƙa kwanon Kaka. Uwarta ta ce da an kwantar da ita sai barci. Baki ya buɗe, ta riƙa gardama da yaran da suka girme ta a kan wa ya taɓa famfo da fari, ta koyi jiran layinta, ta koyi ƙirga taku har ɗari biyu. Tana takawa, amma a karkace, da dafa bango, kuma in ta tuna da ƙafar sai ta naɗe ta. Gudu kam babu. Baba ya danna ƙwauri ya ce wa mai aski, "Ta fara ɗaukar iska."

Shi kuma gwiwoyinsa suka fara kai ƙara, don da sau ɗaya yake bin su a rana, yanzu sau huɗu. Mai aski ya ce ya rage. Ya ce in an gama aiki zai huta.

Kwana uku kafin komawa asibiti, 'yarsa ta taso aiki da wuri, ta tsaya a ƙofar mai aski. Baba na benci da tsummansa. Ya ji yara sun yi shiru fiye da kullum, ya ɗaga gefen tsumma. Tayar Keke ce da kanta a jikin turke. Ta zaro wata tayar keke, ta tsayar da ita, ta buga mata tafin hannu. Taya ta tafi. Ba yadda za ta yi ta bi taya tana dafa bango. Ta bi ta.

Baba ya miƙe. In ya yi sanyin gudu za ta gane, don ta fi kowa sanin gudunsa. In ya yi da gaske zai kamo ta a taku ashirin. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya tsaya neman takalmi, ya sa na dama a hagu, ya zagi takalmin, sannan ya fita a guje. Manyan yara suka tare hanya bisa doka, ya yi ta kewaya su.

Tana gudu, gudu mai ɗingishi, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, amma gudu ne. Ta wuce shagon tela. Ta wuce rabin hanya. Daidai wani ɗan rami ƙafarta ta harɗe, ta kife a ƙasa, taya ta yi gaba ta kwanta.

Uwarta ta yunƙura, mai aski ya tare ta da hannu. Baba na taku goma daga yarinyar. Yana ganin gwiwar hagu ta goge, yana ganin ta dafe ta dama, leɓenta na rawa, tana duban fuskarsa don ta san ko abin na kuka ne. Duk jikinsa cewa yake ya ɗauke ta. Ya san kuma in ya ɗauke ta yau, sai an sake goya ta gobe. Ya duba ƙafar da idon mai aiki: a miƙe take, tana motsa ta.

Ya murtuke fuska, ya ɗaga sifana sama.

"Ɓarauniya, tsaya nan!"

Ta zaro ido. Ta miƙe, ta suri taya a hannu, ko garawa ba ta tsaya yi ba, ta ruga. Yara suka ɗauki ihu. Ta kai famfo ta dafa shi da hannu biyu, ta juyo tana haki.

"Na ci, Kaka. Ba ka iya gudu ba."

Baba ya dafa gwiwa, ya sunkuyar da kai, ya daɗe a haka fiye da yadda haki ke buƙata. Uwar yarinya ta iso ta durƙusa tana duba gogewar.

"Mama, ba komai. A makaranta na faɗi."

"Wa ya koya miki wannan?"

"Doka ce."

Ranar asibiti yarinya da ƙafarta ta shiga. Likitar ta lanƙwasa gwiwa, ta sa ta tsuguna, ta sa ta tsalle, ta ce ba maganar kwanciya, a ci gaba da abin da ake yi. Ta tambayi Baba wane irin wasa ya samo mata.

"Sata," ya ce. "Sau huɗu a rana, bayan abinci."

Shekara biyu ya ƙara yana bin yara. Gudun ya riƙa gajarta. Da famfo yake kaiwa, ya koma shagon tela, daga baya iyakarsa bakin rumfa, ya ɗaga sifana ya yi musu tsawa daga nan. Yara ba su taɓa nuna sun lura ba. Suna gudu har famfo kamar yana bayansu. Bai taɓa gaya musu ya san sirrin ba, su ma ba su gaya masa sun san ya sani ba.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibiti, mun riƙa zuwa muna zama da shi. Ya rame, hannayen nan sun fara haske, abin da ya fi ba mu tsoro ke nan. Wata ranar hutu da hantsi aka kawo Tayar Keke ta gaishe shi. Ta zauna a gefen gado minti biyu, ta ba shi labarin an zaɓe ta shugaba, sannan ta ɓace. Jim kaɗan aka ji ƙarar takalmi a baranda, tafiya da dawowa, da ƙarar keken tura marasa lafiya da ba mara lafiya a ciki.

Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ɗakin, ranta a ɓace. "Don Allah 'yar wa ce wannan da ba ta iya zama wuri ɗaya? Sau uku ina bin ta, na kasa kama ta."

'Yarsa ta miƙe za ta ba da haƙuri. Baba ya riƙe hannunta. Kwana biyu bai yi magana mai ƙarfi ba, amma ya ɗago kai daga matashi yadda duk ɗakin zai ji.

"Tawa ce," ya ce. "Jikata ce. Ki yi haƙuri, 'yata, ba za ki kama ta ba."

Ya mayar da kai, ya lumshe ido, yana sauraron takun. Kwana huɗu bayan nan ya cika.